Jelani Aliyu

Jelani Aliyu mai zana fasalin motoci ne, ɗan asalin Sakkwato, an haife shi a Kaduna a 1966. Ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi College for Creative Studies da ke Detroit a Amurka. Ya kammala a 1994, ya kama aiki da kamfanin General Motors.

Aikin da ya fitar da sunansa shi ne zanen jikin motar gwaji ta Chevrolet Volt, wadda aka baje kolinta a Detroit a Janairun 2007. Batir ne ke tafiyar da ita, kuma idan cajin ya ƙare, sai ƙaramin injin fetur ya tayar da janareta ya ci gaba da ba ta wuta.  An fara sayar da motar a ƙarshen 2010.

A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci a Najeriya. A zamaninsa, a 2021, aka buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.