Asalin Saƙar da Ke Tsukewa in Ta Ji Ɗumi

Za a iya yin saɓani a kan wanda ya cancanci yabo a mas'alar haidurojel mai jin zafi, wato saƙar zarurrukan polima mai kama da romon ganda da ya kwana, wadda ke shan ruwa ta kumbura, amma da ta ji ɗumi sai ta tsuke ta fitar da shi. Tun 1943 Flory da Rehner suka shimfiɗa ƙa'idar kumburin. A 1968 Heskins da Guillet a Toronto suka tabbatar cewa sinadarin polima mai suna PNIPAM yana rabuwa da ruwa a wajen digiri 32, a shekarar kuma Dušek da Patterson suka nuna da hisabi zalla cewa saƙa na iya tsukewa farat ɗaya.

Masu fifita hisabi nan suke kafa hujjarsu, ni kuwa ban bi su ba, domin hasashen ya shekara goma a takarda kafin Toyoichi Tanaka na jami'ar MIT a Amurka ya gan shi da ido a 1978. Ya lura cewa saƙar akirilamaid sabuwar haɗi tana tsukewa sannu a hankali cikin gaurayen ruwa da asiton, alhali wadda ta daɗe a ajiye takan durƙushe gaba ɗaya, har daga bisani tahƙiƙi ya bayyana cewa tsawon ajiya ne ya mai da ɗan kason amaid ya zama asid mai cajin lantarki, wanda ke jawo ruwa ciki da ƙarfi. Ashe sirrin yana cikin haɗin sinadarin.

Da Hirokawa da Tanaka suka gwada PNIPAM cikin ruwa zalla a 1984, al'amarin ya ƙara fitowa fili, saboda kowane zare yana ɗauke da ɗabi'u biyu masu jayayya, amaid mai son ruwa da aisofurofil mai ƙinsa, kuma zafi ne ke raunana riƙon na farko har na biyu ya yi galaba. In an ƙara akirilamaid mizanin zafin tsukewar ya haura, in an ƙara sinadari mai ƙin ruwa ya sauka. Yawan ƙullin saƙa kuwa, wanda wasu ke kambamawa, galibi iyakar kumburin yake ƙayyadewa.

Kusancin digiri 32 da zafin jikin ɗan Adam, wato 37, shi ya jawo hankalin likitoci, har Teruo Okano a Tokyo ya riƙa rainon ƙwayoyin halitta a kan faranti mai shafen PNIPAM, ya ɓamɓare su shimfiɗa guda ta hanyar sanyaya farantin kawai.