Zagayen tarihi a birnin Kano, tashar fataken Sahara

Kano ba ta da teku, amma ta yi ɗaruruwan shekaru tana aikin da tashar jiragen ruwa ke yi. A nan ayarin raƙuma daga Turabulus, Gadamus da Agadas ke sauke gishiri, takarda da siliki, su ɗauki fatu da tufafin rini. Zagayen tarihi shi ne bin sawun wannan fatauci da ƙafa, tare da ɗan jagora da ya san unguwanni.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne Dutsen Dala, mazaunin farko na mutanen birnin, inda ake hango shimfiɗar tsohon gari. Daga nan sai Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa a bakin Jakara. Kusa da ita akwai Dandalin Turawa, unguwar Larabawa 'yan kasuwa, domin a da su ake kira Turawa. Sai marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, kuma har yau ana rini da baba a cikinta. Zangon ƙarshe shi ne Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke daura da Gidan Rumfa.

Arzikin da ya bi ta Kurmi ba a birni kaɗai aka samar da shi ba. A cikin Hausa Bakwai, Kano da Rano ake wa laƙabi da sarakunan baba, saboda saƙa da rini. Garuruwan kudu irin su Kura sun yi suna wajen turkuɗin da Buzaye ke naɗawa. Saboda haka matashin Durba, a ƙaramar hukumar Kibiya ta masarautar Rano, yana da gado a wannan tarihi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafinta na kaiwa har Tumbuktu da Turabulus.

Isowar layin dogo a 1911 ta juya akalar ciniki zuwa Legas, gyaɗa ta zama babbar haja, ayari ya ja baya.

Abin da ya saura yana cikin haɗari. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ta shiga jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, amma ba a amince da ita ba tukuna. Ruwan sama ya zaizaye wasu sassanta, an ɗebi ƙasar wasu, an gina shaguna da gidaje a kan wasu. Mai bin wannan hanya da ƙafa zai ga inda badala ta yanke, kuma yana da haƙƙin tambayar wace hukuma ta ba da filin.