Daga Tamar Dala Zuwa Sifirin Mota: Tarihin Ƙarfen Maƙeranmu

'Yan'uwa mazauna zango, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin maƙera ya ga maƙeri ya ciro jan ƙarfe daga wuta ya tsoma a ruwa. Wannan tsomi ilimi ne mai tsohon asali.

Baƙin ƙarfe zalla yana da laushi, kaifinsa ba ya daɗewa. Sai ya sha sinadarin gawayi kaɗan, abin da bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, sannan ya zama ƙarfe mai tauri, wanda Larabawa ke kira fulaz. Idan aka gasa shi ya yi jajir aka tsoma a ruwa, sai ya ƙara tauri, amma ya yi saurin karyewa. Shi ya sa gwanin maƙeri ke mayar da shi wuta mai sauƙi, yana lura da launinsa, har taurin ya daidaita.

Kakanninmu da kansu suke narka tama. Ruwayar Kano ta nuna cewa maƙeran Gaya ne suka zauna a gindin Dala saboda tamar wurin. Da gawayi da zuga-zugi suke fitar da ƙarfen fartanya, gatari da mashi. Duk da haka, fatake sun riƙa ƙetaro Sahara da na waje: matafiyi Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar da dubban ruwan takubba daga Solingen ta Jamus, ana yi musu ƙota da kube a birnin.

A 1856 Henry Bessemer na Ingila ya fito da hanyar hura iska cikin narkakken ƙarfe, fulaz ya yi araha. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai ya cika kasuwa, aikin narka tama ya yi ta ja baya har ya mutu. Yau maƙerin zango sifirin tsohuwar mota yake nema ya ƙera adda da wuƙar mahauta.

Ƙira tana nan, amma sanin narka tama ya kusa bin masu shi kabari. Duk wanda ke da tsohon maƙeri a gidansu, ya zauna da shi, ya rubuta sunayen itatuwan da ake ƙona gawayinsu da yadda ake gina murhun narki, ya kawo fadar Sarkin Zango a adana. Allah Ya jiƙan magabata.