Bitamin, Maleriya da Sammore: Nazari kan Tsatsar Jini a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Daga Yuli zuwa Oktoba, idan masara ta rufe gari kududdufai suka cika, zazzaɓin cizon sauro ne ke cika kemis-kemis na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Abin da ake ɗaure wa mai jinya a leda kusan iri ɗaya ne: ƙwayar maleriya, da farasitamol, da bitamin C, da kwalbar maganin ƙarin jini. A wajen masu maganin dabbobi ma haka take. Makiyayi ya sayi Berenil ko Samorin don sammore, sai a ɗora masa kwalbar allurar bitamin. Wannan al'ada tana da tushe a kimiyya, amma tushen bai kai ƙarfin da ake zato ba, kuma akwai inda bitamin ɗin zai iya taimakon cutar fiye da mai cutar.

Jiki da iskar oksijin yake ƙona abinci, kuma a wajen ƙonawar wasu sinadarai masu ci suna tsirgowa. Suna cin kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin fartanyar da aka bari a raɓa. Jiki yana da masu tare su: gulutatiyon da yake haɗawa da kansa, da bitamin C da ke aiki a ruwan jini, da bitamin E da ke zaune cikin kitsen. Idan masu ci suka rinjayi masu tarewa, tsatsar ta kama.

A maleriya abin yana yin tsanani saboda ƙarfe. Ƙwayar Plasmodium falciparum tana shiga jar ƙwayar jini ta riƙa cin himogulobin, sai ta saki wani yanki nasa mai ɗauke da ƙarfe, wanda guba ne har gare ta, shi ya sa take dunƙule shi ta mai da shi baƙin gari. Duk bayan awa 48 ƙwayar jinin ta fashe, abin da ke ciki ya watsu. Fararen ƙwayoyin jini kuma suna fesa nasu sinadaran masu ci don su kashe baƙuwar. A tsakanin nan lafiyayyun jajayen ƙwayoyi ma sukan sandare, saifa ta tsince su ta lalata, har waɗanda ake asara ba tare da cuta ta shige su ba sun fi waɗanda ta shiga yawa. Wannan ne ke bayan farin tafin hannu da kumburin saifa da uwa ke gani a jikin ɗanta.

A fannin sammore, malaman Zariya sun yi aikin da duniya ta san da shi. Farfesa King Esievo da marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello sun nuna yadda ƙwayar cutar ke kankare wani sinadari daga bayan jar ƙwayar jini, sai jiki ya ɗauke ta a matsayin tsohuwa ya hallaka ta. Farfesa I. A. Umar da abokan aikinsa kuma, tun daga 1999, sun riƙa gwada bitamin C da E da A a kan zomaye da ɓeraye masu ɗauke da cutar. Abin da suka samu shi ne ƙarancin jini ya ragu, hanta da ƙoda sun rage lalacewa, amma dabbar ba ta warke ba, cutar na nan a jininta. To, makiyayin da ya ƙara bitamin a kan cikakken magani bai yi ɓarna ba. Wanda ya tsinka Berenil ɗin saniya ɗaya ya raba wa uku, ya cike giɓin da bitamin, shi ne ke renon cutar da ba za ta ƙara jin magani ba.

A maleriya kuwa lissafin ya fi haka sarƙaƙiya, domin tsatsar nan makami ce a kan cutar. Mutanen da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, kuma suna da yawa a Afirka ta Yamma, jajayen ƙwayoyinsu ba sa iya tare tsatsa sosai, amma hakan ya ba su wata kariya daga maleriya mai tsanani. An ga irin wannan a ɓeraye: waɗanda aka hana wa bitamin E aka ciyar da su man kifi sun fi jure cutar, da aka mayar musu da bitamin ɗin sai kariyar ta gushe. Babban abin lura shi ne maganin da muke dogaro da shi yau. Atimisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015, yana ɗauke da wata gada ta oksijin biyu. Ƙarfen da ƙwayar cutar ta saki ne ke karya gadar, sinadarai masu ci su fito su kashe ta daga ciki. Wato maganin da tsatsa yake kisa, kuma gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna masu hana tsatsa na iya dushe masa kaifi. Murtala Bindawa Isah da Mohammed Auwal Ibrahim, da suka tattara binciken da aka yi a wannan fanni a 2014, sun tarar da sakamakon yana karo da juna, kuma wannan dalilin suka kawo. Gwajin da aka buga a 2009, inda aka ba manya masu maleriya mai tsanani a Asiya wani ƙaƙƙarfan mai hana tsatsa tare da atisunet, wani nau'in atimisinin, bai nuna wani amfani ba.

Bitamin A hukuncinsa daban ne, domin aikinsa ya fi karkata ga ƙarfafa garkuwar jiki. A arewacin Ghana, binciken 1993 ya nuna ya rage mutuwar yara da kashi 19 cikin 100, ko da yake bai taɓa maleriya ba. A Papua New Guinea kuwa, a 1999, ya rage zazzaɓin da kusan kashi 30 cikin 100. Shi ya sa ɗigon da ake yi wa yara sau biyu a shekara, shuɗin ƙwanso ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5, tare da ƙwayar tsutsar ciki, ya cancanci kowace uwa ta neme shi.

Kwalbar ƙarin jini ita ta fi damuna, saboda ƙarfen da ke cikinta. A tsibirin Pemba na Zanzibar an dakatar da wani gwaji na ba yara ƙarfe da folik asid, aka buga sakamakon a 2006, saboda waɗanda aka ba sun fi kwanciya a asibiti da mutuwa. Ƙarfe magani ne ga yaron da aka tabbatar jininsa ya yi ƙasa, amma a inda ake kare shi daga maleriya ana kuma yi masa maganinta. Folik asid mai yawa, irin na miligiram 5, yana raunana Fansidar, wanda shi ake ba masu juna biyu, kuma Fansidar ɗin yana cikin rigakafin damina da aka fara ba yara a Jihar Katsina a 2013. Bitamin C mai yawan gaske kuma yana iya fasa jinin mai ƙarancin G6PD.

Duk wannan yana faruwa ne a yankin da ta'addancin 'yan bindiga ya raba manoma da gonakinsu, ya kori ma'aikatan lafiya daga ƙauyuka, har a 2021 aka datse layukan waya aka rufe kasuwanni. Iyalin da ya yi gudun hijira ya bar zogalen bayan gida da yakuwa da rama da mangwaro da kuka, ya koma tuwon masara da miyar da ba ta da komai, lalle yaransa za su rasa bitamin, kuma cike musu wannan rashi wajibi ne. Amma cike rashi daban, ɗura wa mai zazzaɓi ƙwayoyi a kan maganinsa daban. Magidancin da kuɗinsa ba za su sayi komai da komai ba ya fara da gwajin jini, sannan cikakken maganin maleriya na Coartem, sha shida cikin kwana uku, kowane sha da madara ko kunun gyaɗa, domin maiƙo ne ke sa hanji ya tsotse shi. Abin da ya rage ya tafi ga ganye da ƙwai da manja na makonnin da yaron zai yi yana mayar da jininsa.