Rangwamen Kuɗin Fito da Masaƙun Kakuri

A watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar AGOA, wadda ta yafe wa dubban kayayyakin ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuɗin fito a kasuwar Amurka, kuma tufafi na cikin abin da aka fi sa wa rai. Bisa lissafi, babu inda ya kamata ya ci moriyarta a Nijeriya kamar kudancin garin Kaduna. A Kakuri gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar KTL a 1957 tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, sannan Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, har unguwanni irin su Makera da Nasarawa suka cika da ma'aikata. Amma KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma kusan duk abin da Nijeriya ta tura Amurka a ƙarƙashin dokar ɗanyen mai ne.

Dalilin, a ganina, yana cikin asalin masaƙun. An gina su ne domin kasuwar gida, su saƙa akoko da atamfa da audugar Funtuwa da Gusau, a rage sayo yadi daga Manchesta da Japan. Ba'amurke kuwa wandon jins da riga ɗinkakkiya yake nema, dubbai a lokaci guda, a ranar da aka yi alkawari. Dama can yarjejeniyar Lome ta 1975 ta ba kayan masana'antunmu irin wannan sassauci a Turai, bai kuma sauya alƙiblar masaƙun ba. Kafin AGOA ta zo, wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man da tukwanen tururi ke sha ya yi wuya duk da matatar mai tana nan kusa, an ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, ga atamfar Sin ta fasa-ƙwauri tana kwararowa ta Kwatano da Maraɗi. Masaƙar da ta kasa riƙe Kantin Kwari, yaya za ta yi da Niyok?

Za a ce ai Lesoto, wadda ba ta noman auduga, ta samar wa dubban mutane aiki da wannan doka, saboda haka sakacinmu ne kawai. Akwai sakaci, babu musu. Sai dai a duba yadda aka yi: 'yan kasuwar Taiwan ne suka kafa wuraren ɗinki a Maseru, babban birnin ƙasar, dokar kuma ta yarda su ɗinka da yadin da aka sayo daga Asiya. Wannan sharaɗi alheri ne ga tela, amma ya ɗauke wa mai ɗinki buƙatar yadin Afirka, wanda shi ne sana'ar Kakuri. Masu cewa rangwamen yaudara ce tsantsa su ma sun wuce gona da iri, domin kuɗin fiton Amurka kan wasu tufafin roba ya kai kashi 32 cikin ɗari, kuma yafe shi riba ce ta gaske ga mai kayan sayarwa. Ita ma ribar ta ragu daga Janairun 2005, lokacin da aka soke ƙayyade yawan tufafin da Sin da sauran ƙasashen Asiya ke shigarwa Amurka da Turai.