Kaset a Ɓoye: Yadda Masu Sauraro Suka Adana Tarihin Pink Floyd

A daren 20 ga Janairun 1972, ƙungiyar mawaƙan Pink Floyd ta hau dandamali a zauren Dome da ke birnin Brighton na ƙasar Ingila domin ta gabatar da wani sabon aiki da ba a taɓa ji ba. Ana cikin kiɗa sai na'urorin sauti suka samu tangarɗa, aka dakatar da aikin bai kai ƙarshe ba, mawaƙan suka koma ga tsofaffin waƙoƙinsu. Abin da ya sa har yau ake iya sauraron wannan dare shi ne wani daga cikin mahalarta ya shiga da rikoda a ɓoye. Aikin da ya tsaya a rabi kuwa shi ne ya zama faifan The Dark Side of the Moon, wanda bai fito kasuwa ba sai a watan Maris na 1973.

An kafa Pink Floyd a Landan a 1965, kuma a shekarun 1970 mutum huɗu ne ke cikinta: Roger Waters, David Gilmour, Richard Wright da Nick Mason. Salonsu reshe ne na kiɗan rok wanda ke gina doguwar waƙa mai sassa da yawa, har guda ɗaya takan kai minti ashirin. Al'adarsu a lokacin ita ce su gwada sabuwar waƙa a gaban jama'a na tsawon watanni, suna ragewa suna ƙarawa, kafin su shiga sutudiyo. Faifan da kamfani ya fitar yana nuna inda tafiya ta tsaya ne kawai. Wanda yake son ya san hanyar da aka bi, dole ya koma ga kasetocin ƴan kallo.

Kasetocin 1972 sun tabbatar da haka. Sashen da daga baya aka sani da On the Run, wanda aka gina da na'urar haɗa sauti, a farko kiɗan jita ne da ganguna. Sashen The Great Gig in the Sky kuma kiɗan ogan ne haɗe da muryoyin masu karanta nassin addini, domin Clare Torry ba ta rera nata ɓangaren ba sai a Janairun 1973 a sutudiyon Abbey Road. Ba don waɗannan kasetoci ba, da sai dai a dogara da tunanin waɗanda suka halarta, shi kuwa tunani yakan gauraya da abin da mutum ya ji daga baya.

Sai dai naɗar ba ta tsaya a hannun masoya ba. Wasannin da ƙungiyar ta yi a zauren Rainbow na Landan daga 17 zuwa 20 ga Fabrairun 1972 sun haifar da faifan bayan fage mai suna The Best of Tour '72, wanda aka riƙa sayarwa tun kafin na gaskiya ya fito. Haka aka sake yi da wasan Stoke-on-Trent na watan Nuwamban 1974: faifan British Winter Tour 74 ya ƙunshi sababbin waƙoƙi uku, biyu daga ciki ba su fito a hukumance ba sai a faifan Animals na 1977, da wasu sunaye da sauyin baitoci. Ko sisi bai shiga aljihun mawaƙan ba, ga shi kuma an baza aikin da ba su gama gyarawa ba. A rangadin 1977 ba su ƙara gwada sabuwar waƙa a gaban jama'a ba, kuma marubuta tarihin ƙungiyar da dama suna danganta wannan sauyi da yawaitar irin waɗannan faya-fayai. Ke nan naɗar da ta adana al'adar gwaji tana daga cikin abin da ya kawo ƙarshenta.

Ba dukan masu naɗa ne ƴan kasuwa ba. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Mike Millard na yankin Los Angeles a Amurka. Yakan shiga zaure a kan keken guragu alhali ƙafafunsa lafiya lau, rikodarsa ƙirar Nakamichi 550 tana ɓoye a cikin keken, ƙananan makirufo kuma a hularsa. Ya tsani a sayar da kasetocinsa. Musaya yake yi da abokai. A ranar 26 ga Afrilun 1975 ya naɗi wasan Pink Floyd a Los Angeles Sports Arena da ingancin da ya ba mutane mamaki. Ya rasu a 1994.

Kaset ɗin mai sauraro yana kama abin da sutudiyo ke sharewa: tafi, ihu, kuskure da fushi. A filin wasa na Olympic da ke Montreal a Kanada, ranar 6 ga Yulin 1977, an naɗi muryar Waters yana yi wa masu kunna tartsatsin wuta faɗa. A daren nan ne ya tofa wa wani ɗan kallo yawu, abin da shi da kansa ya ce ya haifar masa da tunanin faifan The Wall na 1979.

Da tafiya ta yi nisa, abin da aka kira sata ya koma taska. A ƙarshen 2021 da 2022 an ɗora wasannin ƙungiyar na farkon shekarun 1970 a intanet a hukumance, da yawansu daga naɗar ƴan kallo, domin dokar Turai takan janye kariyar haƙƙin mallaka daga naɗar da ta shekara 50 ba a fitar ba. A 2025 kuma, da aka cika shekara 50 da fitar faifan Wish You Were Here, ƙungiyar ta saka kaset ɗin Millard a cikin kundin tunawa, bayan Steven Wilson ya gyara sautinsa. Shekara 31 ke nan bayan rasuwar mutumin da ya shigar da rikoda cikin keken guragu.