Tafiyar Jarumi a Labaran Hausawa na Da da na Zamani

A ƙauyukan Cake da sauran garuruwan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa a jihar Maraɗi, inda Gobirawa da Katsinawa suka cuɗanya, gatanar dare takan bi hanya sananniya. Jarumi ya bar gida saboda wata bukata, ya sha wuya a daji, ya gamu da tsohuwa ko aljani mai taimako, ya kashe Dodo, sannan ya samu lada, ko dai sarauta ko ɗiyar sarki. Wannan tsari ne masanin Amurka Joseph Campbell ya bayyana a littafinsa na 1949, inda ya kasa shi uku: fita, jarrabawa da komowa.

Labarin Bayajidda shi ne fitaccen misali na da. An ce ya baro Bagadaza, ya zauna a Barno ya auri ɗiyar Mai, daga baya ya gudu ya bar ta a Garun Gabas. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya isa Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ta ce babu, domin macijiyar rijiyar Kusugu ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya kashe macijiyar, ya auri sarauniya Daurama, ta haifi Bawo. Ƴaƴan Bawo shida da Biram, ɗan da ɗiyar Mai ta haifa wa Bayajidda, su ne Hausa Bakwai, har da Gobir da Katsina. Ladan jarumi a nan mulki ne, amfanin labarin kuma shi ne kafa hujjar asalin sarakuna.

Zuwan boko bai rushe tsarin ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A Ruwan Bagaja, jarumin labarin, Alhaji Imam, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, har aljannu suka taimake shi ya kai ga ruwan. Makaminsa wayo ne da fasahar magana, abin da ya kusanta shi da Gizo fiye da Bayajidda. A 1969 Umaru Dembo ya kai tafiyar sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya.

Marubutan Nijar sun juya tsarin. A 1980 Abdoulaye Mamani ya wallafa Sarraounia da Faransanci, kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. A wannan labari baƙon da ya taso daga nesa shi ne Dodo, jarumar kuwa tana zaune a garinta tana kare shi. Tarihi ya ƙarasa zancen a ƙasar Tasawa, domin sojojinsu ne suka kashe hafsoshin biyu a yankin Maijirgi cikin watan Yuli 1899.

Matakan tafiya, da mataimaki, da abokin gaba suna nan a labaran duka. Abin da jarumi ke nema ne ya sauya da zamani: sarauta a labarin Daura, magani a littafin Imam, ƴancin kai a labarin Lugu.